Bagaruwa ta toshe katefsin a kwalba: shi ke nan ta zama maganin sankara?

Watannin baya na raka goggona Kasuwar Kurmi. A gida ce mini ta yi za ta sayo wa 'yarta turaren wuta da takalman fata. Sai da muka kutsa cikin lungunan nan masu matsi, muka wuce masu jakunkuna da tumtum, na ga ta nufi rumfar wani dattijo mai sayar da saiwoyi da sassaƙe, sannan na gane ainihin abin da ya fito da mu. Ashe ta daɗe tana jin wani kullutu a mamanta. Ta je asibiti, likita ya ce sai an ɗebi ɗan nama an auna, ita kuma tsoro ya kama ta. Ana cikin haka sai maƙwabciyarta ta turo mata wani saƙon murya a WhatsApp, wai masana sun gano cewa bagaruwa na kashe sinadarin da sankara ke yaɗuwa da shi.

Na gai da dattijon, na ce, "Baba, wannan magana ta bagaruwa daga ina ta samo asali?"

Ko a jikinsa. Ya zaro waya daga aljihun gaba, ya lalubo wani hoto ya miƙo mini. "Ɗana, ai ba mu muka faɗa ba. Mu abin da muka gada, bagaruwa ta jima ce, sai gudawa da ciwon dasashi. Zancen sankara ku 'yan boko kuka zo da shi. Ga takardarku nan."

Hoton shafin farko ne na wata takardar bincike da Turanci. Na tsaya na karanta. Masu binciken sun jiƙa bagaruwa sun tace, sun zuba ruwan a kan wani enzayim mai suna katefsin B a cikin kwalbar gwaji, aikinsa ya ragu. Sun kuma gwada a kwamfuta sun ga wasu sinadaran bagaruwar na iya zama daram a bakin enzayim ɗin. Jimlar ƙarshe ita ce ta kwashe ƙafar goggona: wai wannan ya nuna bagaruwa na iya zama hanyar samun maganin sankara.

Mai karatu, wanzami ba ya son jarfa. Ni ma a wannan fanni nake karatun digiri na biyu, kuma na taɓa rubuta jimla irin wannan da hannuna. To amma a kan irin wannan takarda, da irin wannan jimla, nake son mu yi magana yau. Ba ƙarya suka yi a gwajinsu ba. Matsalar tana cikin tsallen da suka yi daga kwalba zuwa jikin mutum, kuma ba za ka ga girman tsallen ba sai ka san shi katefsin ɗin.

Wane ne katefsin?

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ake kira laisozom. Aikinsu irin na 'yan gwangwan ne. Furotin da ya tsufa, ɓangaren ƙwaya da ya lalace, ƙwayar cuta da aka haɗiye, duk can ake kai su a farfasa, a fitar da abin da zai yi amfani a sake gini da shi. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyom, Christian de Duve, shi ya gano su a 1955 yana aiki da hantar ɓera. Ya lura cewa wani enzayim ba ya nuna ƙarfinsa a ɗanyen samfur, amma in samfurin ya kwana biyar a firji sai ƙarfin ya fito, kamar wanda aka kulle a ɗaki aka buɗe masa. Wannan aiki na cikin abin da ya ba shi kyautar Nobel a 1974.

Enzayim, in ka manta, furotin ne mai hanzarta wani aiki a jiki. Laisozom na ɗauke da irinsu sama da 50, wasu na narkar da kitse, wasu sukari. Waɗanda ke yanka furotin, yawancinsu su ne katefsin. Sunan ya girmi gano laisozom ɗin ma, don Richard Willstätter da abokin aikinsa ne suka raɗa shi a Jamus a 1929, daga wata kalmar Girkanci mai nufin narkarwa. A jikin ɗan'adam akwai iri 15, kowane da harafinsa: B, C, D, K, L, S da sauransu. In kana son ganin ɗan'uwansu da idonka, duba ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi ya yi laushi. Enzayim ɗin gwanda dangi ɗaya ne da katefsin B da K da L, yadda suke yanka ma iri ɗaya ne.

Tambayar da za ta zo maka ita ce, jikinmu ai furotin ne, me ya hana waɗannan almakasan su daddatsa mu? Abu uku ne. Na farko, ana ƙera su ne a cikin kube, ba sa yanka sai sun isa wurin aiki an zare kuben. Na biyu, yawancinsu sai a cikin tsami suke da kaifi. Cikin laisozom tsaminsa ya kai 4.5 zuwa 5 a ma'aunin pH, kusan na tumatir, alhali sauran ruwan ƙwayar yana wajen 7.2. In sun zubo waje, da yawansu sukan dakushe. Na uku, akwai wasu furotin masu gadi da ake kira sistatin, suna cafke wanda ya tsere.

Majemi ya riga mu sani

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kurmi ke ci, kuma fata na cikin manyan hajojinta. Jar fatar akuya ta ƙasar Hausa ta ƙetare Sahara har Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko. Kafin baduku ya ɗinka ta, sai ta bi ta hannun majemi, kuma duk majemin da ke Majema, can wajen Ƙofar Wambai, ya san abu ɗaya: fatar da aka feɗe ba a barin ta ta kwana haka nan. Ko a shanya ta, ko a zuba mata gishiri. In ba haka ba ta fara saki, gashi ya zube, ta ruɓe.

Me ke ruɓar da ita? Ƙwayoyin bakteriya na waje suna da hannu, amma ɓarnar daga cikin gida take farawa. Da dabba ta mutu, jakunkunan laisozom sai su fara yoyo, tsami ya ƙaru a nama, katefsin ya fito ya kama cin gidansu. Ita kuwa fata, akasarinta wani furotin ne mai kama da igiya mai tufka uku, ana ce masa kolajin. Abin da majemi ke yi in ya tsoma fata a ruwan bagaruwa shi ne ya ɗaure wannan kolajin ɗin, ya sa ya gagari enzayim da bakteriya. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Kuskure na farko: mai da katefsin maƙiyi

Irin takardar da Baba ya nuna mini takan fara ne da jera laifukan katefsin. Kuma laifukan gaskiya ne. A cikin ƙari na sankara iri-iri ana samun katefsin B da L da D sun yi yawa, har ƙwayoyin sankarar su fesa su waje. Kewayen ƙari yana da ɗan tsami, don haka ba sa dakushewa da wuri, sai su yanka shingen furotin da ke kewaye, su buɗe wa sankara hanya. Daga nan sai marubuci ya yanke hukunci: tunda yana taimakon sankara, toshe shi alheri ne.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗauki katefsin K. Ƙashinka ba dutse ba ne, kullum ana rushe tsohon ɓangare ana gina sabo, kuma masu rushewar da katefsin K suke yanka kolajin ɗin ƙashi. Akwai mutanen da ake haifa ba su da shi kwata-kwata, wata cutar gado da aka gano tushenta a 1996. Da toshe shi alheri ne zalla, da sun fi kowa ƙarfin ƙashi. Ƙashinsu kam yana da kauri a hoton asibiti, amma gautsi gare shi, abu kaɗan ya karye, ga gajarta. Wasu likitoci na kyautata zaton ita ce ta sami shahararren mai zanen Faransa Toulouse-Lautrec. Gidan da ba a taɓa yi wa yaɓe ba don ana tsoron kankare tsohuwar ƙasa, ai ka san ƙarshensa.

Duk da haka, ga matan da ƙashinsu ke zaizayewa bayan ɗaukewar al'ada, rage aikin katefsin K dabara ce mai ma'ana. Kamfanin Merck ya shafe shekaru sama da goma yana gina wani magani mai suna odanakatib domin haka. An gwada shi a kan mata sama da 16,000. Ya yi aiki kuwa, don karayar ƙashin baya da ta ƙugu ta ragu da kusan rabi. Amma a watan Satumba na 2016 kamfanin ya jingine shi, saboda an ga masu shan sa sun fi samun shanyewar ɓarin jiki. Kafin shi ma an dakatar da wani irinsa na kamfanin Novartis, bayan fatar wasu masu shan sa ta fara taurara. Ka ga nan, sinadari ɗaya tak, tatacce, wanda aka ƙera don katefsin ɗaya tak, kuma sai da aka gwada a kan dubban mutane kafin illarsa ta bayyana.

Sauran ma haka suke. Yaran da aka haifa ba katefsin C, tafin hannunsu da na ƙafa yakan yi kanta, dasashi ya lalace, haƙora su zube tun suna ƙanana, domin shi ke zare wa fararen ƙwayoyin jini kuben makamansu. Rashin katefsin D na lalata ƙwaƙwalwar jariri. Katefsin S na taimaka wa garkuwar jiki ta gane maƙiyi. Halittar nan ta wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, da katefsin take yanko sinadarinta ta sake shi cikin jini.

Ko a sankarar ma labarin fuska biyu gare shi. A wani gwaji da aka yi da ɓerayen da aka cire wa katefsin L, sankarar fata ƙaruwa ta yi maimakon ta ragu. In laisozom ya fashe a cikin ƙwayar sankara, katefsin ɗin da ya zubo na iya kashe ta. Kai, wasu sababbin magungunan sankara ma, ciki har da na sankarar mama, da shi suka dogara. Ana ɗaure guba a jikin wani furotin mai neman ƙwayar sankara, da wata 'yar igiya da katefsin ke iya yankewa. Sai ƙwayar ta haɗiye ƙunshin, katefsin ɗinta ya yanke igiyar, gubar ta kashe ta daga ciki.

To in wani ya ce maka ya sami abin da ke toshe katefsin, tambayar farko ita ce wanne daga cikin 15, a wace gaɓa ta jiki, kuma na tsawon wane lokaci. Takardar da na karanta a Kurmi ko tayar da wannan tambaya ba ta yi ba.

Kuskure na biyu: ɗaukar kwalba a matsayin jiki

Wannan kam mun ga misalinsa da idonmu. Ka tuna watan Maris na 2020, lokacin da Donald Trump ya yabi kulorokwin a matsayin maganin korona? Cikin 'yan kwanaki mutane suka yi wa kemis-kemis tsinke a Najeriya, farashi ya tashi, hukumomin lafiya a Legas suka sanar da cewa an kwantar da waɗanda suka sha ya wuce kima. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, katefsin ne a tsakiyar wannan labari.

Ga yadda abin yake. Wasu ƙwayoyin bairos ba sa iya shiga ƙwayar halitta sai an yanka musu wani furotin da ke jikinsu. A 2005 aka gano cewa Ebola da katefsin B da L take wannan amfani: ƙwayarmu ta haɗiye ta, ta kai ta jakar tsami, almakashinmu ya buɗe mata ƙofa. Bairos ɗin korona ma na iya bin wannan hanya ta katefsin L. Shi kuwa kulorokwin taruwa yake a cikin jakunkunan tsami ya rage tsamin, katefsin ya dakushe. A takarda lissafin ya fita tsaf. A ɗakin gwaji ma ya fita, don an zuba shi a kan ƙwayoyin halitta an ga bairos ya kasa shiga.

Sai dai ƙwayoyin da aka yi gwajin farko da su na ƙodar biri ne. A watan Yuli na 2020 wasu masu bincike a Göttingen ta Jamus suka maimaita gwajin da ƙwayoyin huhun mutum, kulorokwin bai hana komai ba. Dalili kuwa, ƙwayoyin hanyar numfashi suna da wani almakashin daban a bakin ƙofarsu, bairos ɗin da shi yake shiga, ba ya ma bi ta jakar tsami. An kulle ƙofar baya, ɓarawo kuma ta zaure yake shigowa. Kafin nan, a watan Yuni, babban gwajin RECOVERY na Ingila, wanda ya kwatanta majinyata sama da 4,600, ya riga ya nuna cewa ƙanin kulorokwin, wato haidroksikulorokwin, bai rage mutuwa ba.

Lura da kyau. Wancan gwajin da ya ruɗi duniya a kan ƙwayoyin halitta masu rai aka yi shi, da magani tatacce wanda aka san shi shekara da shekaru. Takardar bagaruwa ko nan ba ta kai ba. Enzayim ne tsirara a cikin ruwa. Ba ta nuna ko sinadarin zai tsira daga ciki da hanji ba, ko zai shiga jini, ko hanta za ta bar shi, ko zai kai mama, ko zai ratsa cikin ƙari, ko adadin da zai kai ɗin ya isa ya yi wani abu ba tare da ya taɓa ƙoda ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai maƙabartar magunguna ne.

Shi kuma gwajin kwamfuta, wanda ya zama ruwan dare a jami'o'inmu saboda ba ya buƙatar sinadarai masu tsada ko wutar da ba ta ɗaukewa, ya fi wannan rauni. Kwamfuta na ɗaukar hoton enzayim a sandare, ta juya sinadari a bakinsa, ta ba ka lamba kamar -7 ko -8. Kusan duk sinadarin da ka ba ta sai ta sama masa wurin zama. Amfaninsa shi ne ya taimaka maka zaɓen abin da za ka fara gwadawa. Wanda ya tsaya a nan ya ce ya sami magani, kamar wanda ya auna takalmi da hoton ƙafa ne ya ce ya yi tafiya da shi.

Kuskure na uku: mantawa da sana'ar bagaruwa

Yanzu mu koma wurin majemi. Me ke cikin bagaruwa da ke jeme fata? Wasu sinadarai ne da ake kira tanin, kuma halinsu shi ne manne wa furotin. Ba sa zaɓe. Baurin da kake ji in ka tauna ta, ko goro, ko ka sha shayin da ya daɗe a wuta, tanin ne ya kama furotin ɗin yawunka ya dunƙule shi.

To katefsin furotin ne. Ka zuba masa ruwan bagaruwa a kwalba, me kake tsammani? Jeme shi za ta yi, kamar yadda za ta jeme duk wani enzayim da ka sa a wurinsa, na ciwon sukari ne, na maleriya ne, ko na narkar da tuwon da ka ci. Shi ya sa za ka ga tsiro ɗaya yau an ce yana toshe enzayim ɗin sankara, gobe na hawan jini, jibi na mantuwa. Ba baiwa ba ce, rashin zaɓe ne. Magani kuwa amfaninsa a zaɓe yake, ya kama abu ɗaya ya ƙyale dubu.

Masu haɗa magunguna sun daɗe da sanin wannan tarko. A 2010 wasu masana biyu a Ostireliya, Jonathan Baell da Georgina Holloway, suka fitar da jerin siffofin sinadaran da ke yaudarar gwaje-gwaje, suna nuna alamar aiki a ko'ina. Sinadarin kurkur ma ya shiga wannan zargi: a 2017 wata tawaga ƙarƙashin Kathryn Nelson ta Jami'ar Minnesota ta bi diddigin binciken da aka yi a kansa, ta nuna cewa yana saurin lalacewa, da ƙyar yake shiga jini, kuma yana ruɗa na'urorin gwaji. Mai binciken da ya san aikinsa yakan cire tanin daga ruwan tsiro kafin ya gwada, ko ya gwada a kan wasu enzayim da ba ruwansu, ya ga ko su ma za a toshe su. A shafin da na karanta ban ga alamar an yi ko ɗaya ba. Da marubutan sun zauna da majemi na rabin sa'a, da ya gaya musu sakamakon gwajinsu tun kafin su fara.

Akwai kuma ƙarin abu. Manyan sinadaran tanin ba sa ratsa hanji da sauƙi, a can suke tsayawa, kuma suna rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jini. Ga macen da jinya ta riga ta rage mata jini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A yi adalci

Kada ka ɗauka ina raina saiwa da sassaƙe. Maganin maleriyar da muke sha yau daga tsiro ya fito. Tu Youyou ta China ta tace shi daga tazargade a farkon shekarun 1970, bayan ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarsu, ta kuma sami Nobel a 2015. A nan gida, cibiyar NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan domin masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi, shi dai karan dafin da ake rina jar fatar Kurmi da shi. Gwajinsa ƙarami ne, amma a kan majinyata aka yi shi, aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba, aka buga sakamakon a 2001.

Toshe katefsin ma ba mafarki ba ne. A watan Agusta na 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da burensokatib, wanda ke toshe katefsin C, domin masu wata cutar huhu da ke buɗa hanyoyin iska su cika da majina. An kai nan ne bayan gwaji a kan mutane sama da 1,700. Wani abin sha'awa, cikin illolin da aka sa wa ido akwai kaurin fata da matsalar dasashi, wato inuwar abin da ke samun yaran nan da aka haifa ba katefsin C. Ko da dabarar ta yi nasara, jiki sai ya karɓi kuɗinsa.

Kuma na san halin da ɗalibin bincike ke ciki a ƙasar nan. Kuɗin sinadarai daga aljihunsa, na'ura ta lalace, ga sharaɗin sai ya buga takarda kafin ya kammala. Ba laifi ba ne ka yi ɗan abin da ƙarfinka ya kai. Laifin shi ne ka ɗora masa rawanin da ya fi kansa. Muna rubuta jimlar ƙarshen nan ne don mu burge editan mujalla, muna zaton ba mai karantawa sai 'yan uwanmu. Ga shi kuwa ta fita daga mujalla ta zama hoto a waya, ta zama saƙon murya da Hausa, a hanya kalmar "wataƙila" ta faɗi, ta iso kunnen matar da ke neman dalilin guje wa asibiti.

In irin wannan saƙo ya iso wayarka

Yi wa saƙon tambaya huɗu. A kan me aka yi gwajin: kwamfuta, kwalba, ɓera ko mutum? In mutum ne, su nawa, kuma an kwatanta su da waɗanda ba su sha ba? Wane adadi aka ba su, ya yi daidai da abin da za ka jiƙa a kofi? Wace illa aka gani? Saƙon da ya ce babu illa ko ɗaya, alama ce ta ba a duba ba. Ka kuma sani cewa lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya shaidar an duba lafiyar shan sa ce, ba shaidar yana warkar da abin da aka rubuta a kwalinsa ba.

Kullutu a mama kuwa, da yawansu ba sankara ba ne. Amma ba mai iya bambancewa da hannu ko da ido, sai an auna. In kuma ita ce, babu abin da ya kai kama ta da wuri muhimmanci.

A rumfar Baba na yi wa goggona wannan bayani iya yadda zan iya, ina tsaye ana bangaje ni da kaya. Ba na jin maganata ce ta yi tasiri. Baba ne ya saurara har na gama, ya mayar da ƙullin bagaruwar cikin buhu, ya dube ta ya ce, "Hajiya, je ki a auna tukuna. In kin dawo kina son ta wankin baki, tana nan." Sati na zagayowa ta koma asibiti. Sakamakon nata ne, ba zan baza shi a nan ba. Abin da zan iya faɗa maka shi ne, tsakanin ranar da likita ya ce ta dawo da ranar da ta koma, wata uku ne suka wuce.

Da na koma gida a daren nan na buɗe kundin digirina, na gangara babi na biyar. Jimlar tana nan, kusan kalma da kalma irin ta takardar Baba, sunan tsiron ne kawai ya bambanta. Na goge ta, na rubuta abin da na gani: a cikin kwalba, a wannan adadi, aikin enzayim ɗin ya ragu, kuma ban cire tanin ba.